Karatun Tsaron Kwamfuta: Abin Da Ya Kamata Kalgo Ta Ɗauko Daga Gwandu

Sanin kowa ne cewa a zamanin En'e dukiyar jama'a a Baitulmali take kwana, cikin akwatin ƙarfe, ga Ma'aji riƙe da makulli, ga kuma ɗan doka a bakin ƙofa. Duk wanda ya yi nufin ɗibar wani abu daga ciki tilas ne ya zo da ƙafarsa, ya haura katanga, ya bar sawu. A yau kuwa albashin ma'aikata, da fanshon waɗanda suka yi ritaya, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da harajin da hukuma ke tarawa, yawancinsu sun koma cikin kwamfuta, ɓarawon da zai taɓa su kuma yana iya kasancewa a wata ƙasa mai nisa, bai ma taɓa jin sunan Kalgo ko Gwandu ba.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta mutanen Legas da Abuja ce kurum. A Jihar Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, kuma tun daga lokacin dubban manoma da ba su taɓa shiga banki ba suka buɗe asusu, aka ɗauki hoton yatsunsu, aka ba su lambar BVN wadda aka soma amfani da ita a 2014. A farkon 2023, sa'ad da takardun naira suka yi wuya, mai sayar da albasa da mai sayar da kifi sun koyi karɓar kuɗi ta wayar hannu ba don suna so ba. Watau dai sunan talakan ƙauye, da lambar wayarsa, da ɗan abin da ya tara, duk suna ajiye a wuraren da ba ya gani, yana kuwa da hakki a kan hukuma ta tanadi masu gadinsu.

Ta fuskar doka Gwamnatin Tarayya ba ta yi barci ba. Akwai Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da hukumar da aka kafa domin aiwatar da ita. Akwai kuma cibiyar ɗaukar matakin gaggawa kan kutse, ngCERT, a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Dokokin biyu sun ɗora wa wanda aka yi wa kutse nauyin kai rahoto cikin sa'o'i 72. To, amma a nan gizo ke saƙa. Ma'aikatar da ba ta da mutum ɗaya da zai iya duba na'urorinta ya gane cewa baƙo ya shiga, rahoton me za ta kai? Mai kutse yana iya yin watanni a cikin kwamfutocin ofis yana karanta wasiƙu, yana koyon yadda ake sa hannu a takardar biyan kuɗi, akawu na zuwa da safe yana tashi da yamma ba tare da ya ga alamar kome ba.

Wannan ne ya sa maganar ƙaro ilmi a fannin tsaron kwamfuta ta zama abin da ɗalibai da ma'aikata ke ta tambaya a kai. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanya fannin cikin sabon tsarin karatun digiri na farko da ta fitar a ƙarshen 2022, hukumar da ke kula da kwalejojin fasaha kuma ta ware masa babbar difloma tasa a 2024. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta daɗe da sashe na musamman a kansa. Ba da jimawa ba, ke nan, za a sami samari da 'yan mata masu yawa riƙe da digiri na farko suna neman na biyu. Abin da ya rage a tantance shi ne irin digiri na biyun da ya dace a ba su, da kuma irin wanda ya dace gwamnati ta kashe kuɗin jama'a a kansa.

Kwas iri biyu ake yi a duniya da wannan suna. Akwai na manufa da gudanarwa, inda ɗalibi ke karanta dokoki, da ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, da hanyoyin auna haɗari, da yadda ake rubuta rahoto ga shugabanni. Akwai kuma na aikin hannu, inda ɗalibi ke buɗe cikin na'ura da manhaja, ya ga yadda suke aiki, da inda suke da rauni, da yadda ake fasa su, da yadda ake toshe ɓarakar. Na farkon yana da amfaninsa, ba a musa ba, kuma shi ya fi sauƙin buɗewa, domin allo da alli da malami ɗaya sun isa. Haɗarin da ke akwai shi ne jami'o'i su rungumi mai sauƙin, su raɗa masa sunan mai wuyar, a wayi gari ƙasa ta cika da masu digiri na biyu a tsaron kwamfuta waɗanda in aka ajiye musu kwamfutar da aka yi wa kutse sai su tsaya suna kallonta. Na biyun ne Jihar Kebbi ke ƙishirwarsa.

Abin da ya sami Babban Bankin Bangladesh a watan Fabrairu na 2016 ya isa misali, kuma ya kamata kowane akanta na gwamnati ya san labarin. Masu kutse sun shiga kwamfutocin bankin, suka sace shaidar da ma'aikata ke amfani da ita wajen aika umurnin biyan kuɗi ta hanyar SWIFT, sa'an nan suka aika umurni 35 zuwa asusun bankin da ke Niyok, na kuɗin da ya kusan dala biliyan 1. Sun zaɓi daren Alhamis, don sun san Jumma'a ranar hutu ce a can, suka kuma lalata tsarin da ke buga takardar shaidar kowane ciniki, yadda ma'aikata suka iske injin bugawa shiru, suka zaci ƙaramar matsala ce ta ofis. Umurni 5 suka wuce. An tsayar da dala miliyan 20 da aka nufa Sirilanka saboda ɓarayin sun yi kuskuren rubuta kalma ɗaya, amma dala miliyan 81 suka shige Filifin. Bankin yana da dokoki, yana da kwamitoci, yana da manyan ma'aikata masu takardu. Abin da aka rasa a daren nan shi ne ido mai gane baƙon motsi a cikin na'ura.

Shekara guda bayan haka, a ranar 12 ga Mayu 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya tana kulle bayanan kwamfutoci tana neman kuɗin fansa. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati har aka soke ganin likita kimanin 19,000, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin wannan rauni tun watan Maris, sai dai ba a ɗora shi a kan na'urori da yawa ba. Wanda ya taka mata birki wani saurayi ne ɗan Ingila mai shekara 22, wanda ya warware cikin manhajar ya tarar tana neman wani adireshin intanet da ba kowa ya mallaka ba, ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, yaɗuwar ta lafa. Akwai babban asibitin jiha a Kalgo. Duk ranar da bayanan marasa lafiya suka koma cikin kwamfuta baki ɗaya, irin wannan mutum ne za a nema idan dare ya yi tsakiya.

Wani zai ce, to ai wannan saurayi ba digiri na biyu ya ba shi wannan gwaninta ba, a ɗakinsa ya koya. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi wadda bai kamata malaman jami'a su kau da kai daga gare ta ba. A wannan fanni akwai gwanaye da yawa da ba su da takarda, akwai kuma jarrabawowin ƙwararru na kamfanoni waɗanda wasu masu ɗaukar aiki suka fi girmamawa bisa ga digiri. Sai dai gwamnati ba za ta zauna jiran sa'a ta kawo mata haziƙi ɗaya cikin dubu ba. Aikin jami'a shi ne ta mai da abin da haziƙi ya tsinta shi kaɗai ya zama abin da za a koya wa mutum 20 a kowace shekara, bisa tsari, tare da tushen da mai koyon kansa yakan tsallake. Jarrabawar kamfani takan koya wa mutum sarrafa kayan da ake yayi a bana. Kayan nan kuwa sukan tsufa cikin 'yan shekaru. Wanda ya san lissafin da ke ƙarƙashinsu shi ne zai iya bin su duk inda suka juya.

Me ya kamata irin wannan digiri ya ƙunsa? Da farko akwai ilmin ɓoye saƙo, wanda lissafi ne tsagwaronsa. Tsarin RSA da wasu masana uku suka fito da shi a Amurka a 1977, wanda har yanzu ake amfani da shi, ya dogara ne a kan abu ɗaya mai sauƙin faɗi: ninka manyan lambobi biyu da ba sa rabuwa abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon abu ne da zai ci wa kwamfuta shekaru aru-aru. Ɗalibin da ya gudu daga lissafi tun sakandare zai sha wuya a nan, kuma gara a gaya masa tun kafin ya biya kuɗin rajista. Sa'an nan akwai sanin yadda saƙo ke tafiya tsakanin na'urori gunduwa-gunduwa, yadda ɗalibi zai iya tare zirga-zirgar ofis guda ya karanta ta, ya nuna wadda ba ta gida ba ce. Akwai warware muguwar manhaja, watau a ba mutum ita ba tare da bayanin wanda ya rubuta ta ba, ya bi ta daki-daki har ya faɗi abin da take yi da inda take aika abin da ta sata. Akwai gwajin kutse da izini, inda ɗalibi ke shiga rigar ɓarawo ya gwada ƙofofin ma'aikata kafin ɓarawon gaske ya zo.

Akwai kuma binciken ƙwaƙwaf bayan an yi ɓarna, wanda ya fi shafar ma'aikatan shari'a da 'yan sanda da masu binciken kuɗi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar, amma bisa sharuɗɗa. Idan jami'i ya ƙwace wayar wanda ake tuhuma ya shiga latse-latse a cikinta, ko ya kunna kwamfutar kafin a ɗauki kwafinta cif-cif a kuma rubuta hannun da ta bi ɗaya bayan ɗaya, to lauya mai wayo zai rushe shari'ar cikin minti kaɗan. Wannan ba abu ne da ake koyo ta hanyar karanta shi ba. Sai mutum ya yi, ya ɓata, malami ya tsawata masa, ya sake.

A nan ne Gwandu ke da abin faɗa. Garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya riƙe yammacin daular Usmaniyya, inda kuma hubbarensa yake, ya san wata hanyar tabbatar da ilmi wadda ta girmi satifiket. A wancan tsari ɗalibi yakan zauna gaban malami ya karanta littafi daga farko har ƙarshe, malamin yana ji yana gyara, sai ya gamsu sa'an nan ya ba shi ijaza, wadda ke ɗauke da sunan malamin da na waɗanda shi ma ya karɓa daga gare su. Malam Abdullahi da kansa ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Ma'anar ita ce, malamin da ya ba da shaida ya jingina mutuncinsa a kan ɗalibin. In ɗalibin ya kunyata, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Haka nan mutanen wancan zamani sun san muhimmancin hatimi a kan wasiƙar sarki, don mai karɓa ya tabbata daga inda ta fito, wanda shi ne ainihin aikin da sa hannu na lissafi ke yi a kwamfuta yau.

Tazarar da ke tsakanin Gwandu da Kalgo ba ta da yawa, dukansu kuma a masarauta ɗaya suke. A Kalgo, kan hanyar Bunza, mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, wadda aka kafa a 2013. Jami'a ce matashiya, kuma ƙuruciyar tata riba ce a wannan batu, domin ba ta da tsofaffin al'adun da za su ɗaure mata hannu. Duk digiri na biyu da za ta bayar a tsaron kwamfuta, ko wanda jami'ar jiha da aka kafa a Aliero a 2006 za ta bayar, kamata ya yi a gina shi bisa ƙa'idar ijaza: kada a ba kowa shaida sai an gan shi yana yin aikin. Jarrabawar ƙarshe ta kasance an kulle ɗalibi da na'urorin da aka shirya musu tarko, a ba shi yini ɗaya ko biyu, ya gano ta inda aka shiga, da abin da aka ɗauka, ya toshe, ya rubuta rahoton da Babban Sakatare zai karanta ya fahimta. Mai jarrabawa na waje ya zo daga wata jami'a, ko daga banki, ko daga kamfanin sadarwa, wanda ba ya jin nauyin kowa. Ko a Ingila, inda kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan ta soma digiri na biyu a wannan fanni tun 1992, sai da hukumar tsaron ƙasar ta shiga tantance irin waɗannan kwasa-kwasai daga 2014, tana sa wa waɗanda suka cika sharuɗɗa hatiminta, saboda sunan ya yi yawa a kasuwa, ingancin kuwa ya bambanta.

Za a ce babu kuɗi. Lalle ne jami'o'in ƙasar nan suna cikin ƙunci, amma ɗakin gwajin wannan fanni bai kai na likitanci ko injiniyanci tsada ba, ko kusa. Ana bukatar kwamfutoci masu ƙarfi 'yan kaɗan, da hanyar sadarwa ta cikin gida da aka yanke daga ta jami'a don kada cutar da ake gwaji da ita ta tsallaka ofishin rajistara, da wutar da ba ta yankewa, wadda ranar Kebbi ta isa ta bayar in an kafa faifan sola da batura. Manhajojin aikin da yawa, irin su Linux da Wireshark, kyauta ne. Abin da ke da tsada shi ne malami. Mutumin da ya iya wannan aiki da gaske, bankunan Legas da kamfanonin ƙetare suna nemansa da albashin da jami'a ba za ta iya biya ba, kuma yana iya yi musu aiki daga ɗakinsa. Saboda haka babu hikima Kalgo da Aliero da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato kowace ta buɗe nata kwas da malami ɗaya da rabi. Gara su haɗa malamansu a shiri guda mai ƙarfi, su gayyato na Minna da na Zariya su riƙa zuwa na makonni, a kuma buɗe ƙofa ga ƙwararrun da ke aiki a masana'antu su koyar ko da ba su da digiri na uku, a bar wa masu digirin kula da bincike. Tun da asusun TETFund ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma yawan waɗanda ba sa dawowa, hujjar gina irin wannan shiri a gida ta ƙara ƙarfi.

Akwai kuma batun hali, wanda ba a cika son ambatonsa ba. Ilmin da ake kare asusu da shi, da shi ake fasa shi. Jami'ar da za ta koya wa mutum buɗe ƙofar da ba tasa ba tana da alhakin sanin wanda take koya wa, da sa shi ya rattaba hannu a kan sharuɗɗa, da koya masa tun makon farko cewa shiga na'urar wani ba da izini ba yana iya zama laifi a dokar 2015.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, maganar tana da ɗaci kaɗan. An saba ganin ƙaro ilmi a matsayin tsani: a sami hutun karatu da albashi, a dawo da takarda, a miƙa ta ga hukumar ɗaukar ma'aikata, a jira ƙarin girma. Wanda ya shiga wannan fanni da wannan niyya ya ɓata kuɗin jiha, ya kuma tare gurbin wani. Ya kamata ofishin Shugaban Ma'aikata ya zaɓi waɗanda za a tura daga wuraren da haɗarin ya fi yawa, watau ofishin Akanta Janar, da hukumar tara haraji, da ta fansho, da ma'aikatun lafiya da shari'a, kuma a zaɓe su ta hanyar gwaji, ba don wane ya san wane ba. Aikin binciken da kowannensu zai yi ya kasance a kan na'urorin ma'aikatarsa, da izini a rubuce, yadda kafin ya gama karatu jiha ta riga ta fara cin moriya. Ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da sauran 19 na jihar, ba kowace ce za ta iya riƙe ƙwararre nata ba, amma ƙungiya guda ta mutum kaɗan a Birnin Kebbi tana iya zagaya su duka.

Sa'an nan gwamnati ta san cewa yarjejeniyar yi wa jiha aiki na wasu shekaru bayan karatu ba za ta riƙe kowa ba ita kaɗai. Idan aka dawo da mutumin da ya iya warware muguwar manhaja aka zaunar da shi yana gyaran injin buga takardu, a matakin albashin da ya bari, zai ƙirga kwanakin yarjejeniyar ya tafi, ko ma ya biya tarar ya tafi tun kafin ta cika. Tilas ne a buɗe wa wannan aiki layinsa a tsarin ma'aikata, da alawus na musamman kamar yadda ake yi wa likitoci, da ikon kai rahoto kai tsaye ga Babban Sakatare, har da ikon cewa a dakatar da biyan wani kuɗi sai an bincika, ko da takardar ta riga ta sami sa hannun manya.